Makin Aro Ba Ya Rufe Katara

Akwai wata jarrabawa da ake zamanta kusan kowane mako, wadda ba a sayen fom ɗinta, ba a neman takardar shaidar ƙaramar hukuma, ba a kuma tambayar ɗan gidan wa kake. Yaron da ke Ajingi, da tsohuwar laftof ɗin da yayansa ya bar masa da datar 'yan ɗaruruwan naira, yana iya zamanta a daidai mintin da ɗalibin Beijin da na Mosko da na Alƙahira suke zaune: tambayoyi iri ɗaya, lokaci ɗaya, alƙali ɗaya. Alƙalin kuwa na'ura ce. Ba ta da ƙani, ba ta da suruki, ba ta ɗaga wayar wani babba daga Abuja. Ga wanda ya tashi a ƙasar da komai sai kana da hanya, wannan kaɗai ya isa a tsaya a dubi lamarin.

Gasar rubuta manhaja nake nufi, abin da yaranmu suke kira gasar kodin. Dandalin da ya fi suna shi ne Codeforces, wanda Mike Mirzayanov ya buɗe a 2010 lokacin yana Jami'ar Saratov ta Rasha. Akwai AtCoder na Japan, da CodeChef na Indiya, da LeetCode. Yawancin zagayen Codeforces da ƙarfe 3:35 na yamma agogon Najeriya suke farawa, dab da kiran La'asar ke nan, a yi kamar awa biyu ana fafatawa. Don haka mai gasa a Gaya yana da lissafin da takwaransa na Rasha bai san da shi ba: ga alwala, ga jam'i, ga cajin da ya rage a batir, ga addu'ar kada sabis ya ɗauke ana tsaka da tura amsa.

Bari in nuna yadda tambayoyin suke, don kada a ɗauka wasan yara ne. A ce an ba ka nauyin buhunan riɗi 200,000 da aka jera a sito, sannan aka jero maka tambaya 200,000, kowacce tana cewa: daga buhu na kaza zuwa na kaza, nauyin nawa ne? Sabon shiga zai sa kwamfuta ta riƙa bin buhunan ɗaya bayan ɗaya tana tarawa duk lokacin da aka yi tambaya. Amsarsa daidai ce, amma lissafin yana iya kaiwa biliyan 40, alhali daƙiƙa ɗaya ko biyu aka ba shi, kuma abin da kwamfutar alƙali take iya yi a daƙiƙa bai wuce 'yan ɗaruruwan miliyoyi ba. Sai ta jefo masa cewa lokaci ya ƙure. Wanda ya goge, sau ɗaya zai bi layin, yana rubuta jimillar da aka tara zuwa kan kowane buhu. Duk tambayar da ta zo sai ya ɗebe jimilla ɗaya daga wata, shi ke nan an gama. Rubutun bai fi layi goma ba. Ko shi ma akwai ramin da ke jiransa: in da giram aka ba da nauyin, shi kuma ya zuba jimillar a ma'ajiyar lamba ta yau da kullum a C++, wadda ba ta ɗaukar abin da ya haura 2,147,483,647, lissafin zai kife ba tare da ya ce masa uffan ba. Wanda bai taɓa faɗa wa wannan rami da ƙafarsa ba, ya ɓata yammaci guda yana neman inda kuskuren yake, ba zai riƙe darasin ba ko sau nawa aka gaya masa.

Da an tashi daga zagaye sai a jera mutane daga na ɗaya har na ƙarshe, a ƙara wa wasu maki, a rage wa wasu. Tushen lissafin na Arpad Elo ne, malamin kimiyyar fiziya haifaffen Hangari da ya yi rayuwarsa a Amurka, wanda ya tsara shi don masu buga darar Turawa ta ces, hukumar wasan ta duniya ta karɓe shi a 1970. A ƙa'idarsa, in wani ya fi ka da maki 400, cikin karo goma sha ɗaya ana sa ran ya kayar da kai sau goma. Codeforces ta yi wa lissafin kwaskwarima, ta kuma rina sunayen mutane: ƙasa da 1200 sunanka toka-toka ne, daga 1200 kore, daga 1400 wani launi tsakanin kore da shuɗi, daga 1600 shuɗi, 1900 shunayya, 2100 ruwan goro, daga 2400 kuma ja. Can a ƙololuwa akwai Gennady Korotkevich ɗan Belarus, wanda ya ci zinare shida a jere a gasar duniya ta 'yan sakandare daga 2007 zuwa 2012, ya kuma zama na farko da ya haura 4000 a watan Agustan 2024. Mafi yawan jama'a kuwa a toka da kore suke ƙare zamansu. Launin nan shi ne fitinar, domin kowa yana ganinsa, abokin karatu da budurwa da mai ɗaukar aiki.

Akwai abin da ya kamata a gaya wa duk mai shiga tun ranar farko, amma ba kasafai ake gaya masa ba. Tun 2020, sabon asusu a Codeforces daga sifiri ake nuna makinsa, sannan a zagaye shida na farko a riƙa ɗora masa kyauta: 500, sai 350, sai 250, sai 150, sai 100, sai 50, jimilla 1400, ana haɗawa da abin da ya ci ko ya zubar. Ko bai taɓuka abin kirki ba zai ga layinsa yana ta hawa. A zagaye na bakwai kyautar ta ƙare, layin ya kwanta, yaro ya shiga damuwa, wai kansa ya toshe ko an yi masa baki. Alhali sai yanzu ne ma aka fara auna shi. Bayan haka, da sauran mutanen da suka shiga zagayen ake gwada ka, babu ruwan lambar da yadda kake bara. In ka ƙaru, su ma suka ƙaru daidai da kai, lambarka tana nan inda take.

Duk da haka tsayawar gaske tana faruwa, kuma tsohuwar magana ce. A 1897 da 1899, wasu Amurkawa biyu, William Bryan da Noble Harter, sun bibiyi masu koyon aikin wayar tangaraho, suka ga mai koyo yana saurin ci gaba wajen karɓar saƙo, sai ya kai wani wuri ya cije na tsawon makonni, daga baya kuma ya zabura. Bayanin da suka yi shi ne, da farko harafi-harafi yake ji, kuma akwai iyakar saurin da za a iya yi da harafi. Sai kunnensa ya koma jin kalma ɗungurungum, daga nan jimla, sannan sauri yake dawowa. A 1958 wani masanin halayyar ɗan Adam, Fred Keller, ya ƙalubalance su, ya ce cijewar ba dole ba ce, yanayin koyarwa ne yake haifar da ita. Ni ina ganin a harkar kodin kowannensu yana da tasa gaskiyar, amma ta Keller ta fi yi mana amfani, domin ita ce take ɗora mana aiki.

Dubi yadda mai maki 1100 yake atisaye. Yana warware tambaya ta farko da ta biyu, waɗanda ya riga ya iya, ɗari bisa ɗari, yana ƙirga yawansu yana jin daɗi. In ya gamu da ta uku ya yi minti goma bai ga haske ba, sai ya buɗe bayanin da masu gasar suka wallafa, ya karanta, ya gyaɗa kai, ya ce ashe ma abin banza ne, ya wuce. Bai rufe bayanin ya rubuta da kansa ba, bai dawo bayan mako guda ya ga ko zai iya daga ka ba. Bayan gasa, tambayar da ta gagare shi ba ya waiwayarta, ga shi kuwa ita kaɗai ce ta nuna masa inda iyakarsa take. Ƙarƙashin wannan akwai ciwon da muka fi kowa sani a makarantunmu: lissafi. Tambayoyin da ke raba kore da shuɗi yawanci ba yaren kwamfuta suke nema ba, suna neman wanda ya saba da ƙirga hanyoyi, da ragowar rabawa, da kafa hujjar cewa dabararsa za ta yi aiki a kowane hali kafin ya taɓa madannai. Yaron da aka koya wa lissafi ta hanyar haddace dabara a zuba lamba, a nan yake cin karo da bango. Ga kuma Ingilishi: tambaya ce mai dogon labari, kalma ɗaya in ta kuɓuce maka, ka warware abin da ba a tambaye ka ba.

A daidai wannan gaɓa, lokacin da layi ya kwanta zuciya ta gaji, ɓarawon hanya yake sallama. A da, ƙungiyoyin Telegram ne da tashoshin YouTube da ke fitar da amsa ana tsaka da gasa, wasu kyauta wasu da kuɗi. Masu gasa suna da maganinsu: manhajojin da ke gwada rubutun mutane da juna, irin MOSS da Alex Aiken ya ƙirƙira tun 1994, waɗanda ba sa ruɗuwa don ka canza sunaye ko ka cusa layukan banza, ƙashin bayan rubutun suke dubawa. Wanda aka kama a soke masa zagayen, a sake lissafin makin kowa. Sai ƙirƙirarriyar basira ta shigo ta sauya wasan. A watan Fabrairun 2022 kamfanin DeepMind ya nuna AlphaCode, wadda ta yi daidai da matsakaicin ɗan gasa, aka yi ta mamaki. A Satumbar 2024 OpenAI ta fitar da na'urarta o1, kuma a cikin watan ne Mirzayanov ya kafa dokar taƙaita amfani da irin waɗannan na'urori a lokacin gasa. Kafin shekarar ta fita OpenAI ta ce sabuwar na'urarta, o3, ta kai maki 2727, wato cikin jajaye. Yanzu mai sata ba ya bukatar kowa. Ya kwafi tambaya, ya manna, ya karɓi amsar da ba ta yi kama da ta wani ba, kuma kamunsa ya yi wuya ƙwarai.

Wani ɗan 'yar'uwata da ke karatun kwamfuta a wata jami'a ya same ni a zaure lokacin hutun Sallah. Ya juyo mini da fuskar wayarsa, gilashin duk ya tsage ta gefe: ga layin makinsa a kwance wajen 1100 da 'yan kai, ga na wani abokin karatunsa da ya tashi daga toka zuwa shuɗi cikin 'yan makonni, a miƙe sambal.

Ya ce, "Kawu, wallahi wannan in ka kashe masa data ko tambayar farko ba zai iya ba. Kowa ya san abin da yake yi. Kuma gobe shi za a ɗauka aiki, mu muna nan muna shan wahala."

Na ce, "To kai me ya hana ka bin sahunsa?"

Ya sunkuyar da kai yana murza murfin wayar. Can ya ce, "Ai ni ma na taɓa tambayar na'urar, Kawu. Amma ban ce ta rubuta mini ba, hanya kawai na ce ta nuna mini."

Yaron kirki ne, kuma da gaske yake ganin akwai bambanci. Amma a wannan gasa gano hanyar shi ne aikin gaba ɗaya. Bugawa a madannai saura ce. Duk wanda aka raɗa wa cewa ya tara jimilla tun farko, an riga an warware masa tambayar buhunan riɗi. Dokar 2024 ɗin ma a nan ta ja layi: ta yarda a yi amfani da na'ura wajen fassara tambaya zuwa wani harshe, abin da zai taimaki wanda Ingilishinsa bai nuna ba, amma ta hana a nemi dabarar warwarewa daga gare ta.

Ban ga laifin yaron shi kaɗai ba, domin ba a kan allon kwamfuta ya fara ganin wannan ɗabi'a ba. Tun 1977 tambayoyin WAEC suka fita kafin ranar jarrabawa har aka kafa kwamitin bincike, daga nan kalmar ekspo ta zauna daram a bakinmu. Gwamnatin soja ta 1984 ta yanka ɗaurin shekara 21 ga mai satar jarrabawa, aka sake wata dokar a 1999, JAMB ta koma kwamfuta kacokan a 2015, amma har gobe akwai uban da zai cire ɗansa daga makarantar da ake tsanantawa ya kai shi inda ake rubuta amsa a allo, ya biya, ya kuma yi godiya. Yaron da ya ratso kwalifayin da WAEC da NECO yana ganin manya suna kau da kai, da wane baki za mu ce masa tambayar ChatGPT a ɗakinsa, ba mai ganinsa sai Allah, ha'inci ne? Ha'incin ne dai. Sai dai mu muka fara koya masa.

Ƙorafin nasa kuwa, rabinsa gaskiya ne. Tunda da mutane ake auna ka, duk ɓarawon da ya sha gabanka ya tura ka baya da kujera ɗaya, kuma a matakan toka da kore, inda tambayoyin suka fi sauƙi ga na'ura, turawar tana da yawa. Mai maki 1100 a yau mai yiwuwa ya fi mai 1100 na shekara biyar da suka wuce. Amma ɗaya rabin uzuri ne, kuma uzuri mai daɗin riƙewa. Ɓarawo yana iya rage maka lamba, ba shi ne ya hana ka warware tambaya ta uku ba. Wanda yake son sanin gaskiyar kansa akwai yadda zai yi. Tambayoyin da ke rumbun Codeforces suna da nasu makin wahala, daga 800 zuwa 3500: bara wane mataki kake warwarewa cikin rabin awa ba taimako, bana fa? Dandalin yana kuma ba ka damar ɗauko tsohon zagaye, na 2019 ko 2020, ka zauna shi da agogo kamar yau ake yi, ka ga inda za ka faɗo cikin mutanen wancan lokaci, kafin na'urorin nan su iso. Wannan awon ba wanda ya isa ya lalata maka shi sai kai.

Shi kuwa mai makin aro, asararsa ta fi ta kowa, ko da bai sani ba. Ɗan Legas ko ɗan Bangalo da ya yi sata yana da wasu ƙofofin: kamfanoni a unguwarsu, yayye a cikin harkar, jami'a mai suna. Ɗan Gaya da ɗan Ajingi abin da suke da shi a hannu shi ne wannan ma'auni da ba ya duba fuska. In masu ɗaukar aiki suka daina yarda da shi, kuma sun fara, har wasu manyan kamfanoni suna komawa ga ganawa ido da ido, to za a koma tambayar wace jami'a ka yi, wa ya san ka. A wannan layin mu ne a baya. Ranar ganawar kuma, in aka miƙa masa alƙalami aka ce ya yi bayanin amsar da ya tura watan jiya, minti biyar ya isa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, mu mutanen wannan yanki mun daɗe da sanin maganin matsalar nan, a wani fage da ya fi wannan daraja nesa ba kusa ba. Ba ina haɗa Littafin Allah da rubutun kwamfuta ba ne, tsarin koyon nake magana. Ƙasar nan ta gabashin Kano, har zuwa Haɗeja da Barno, ƙasar tsangaya ce, kuma tsangaya tana da matakanta: kolo, titibiri, gardi, malam, alaramma, gwani. Ba wanda yake kwana gardi ya tashi gwani, ba kuma takarda ake nunawa ba. Mai hadda yana rubuta allonsa da ka, ya kawo shi zaman darasu, ya karanta a gaban waɗanda suka fi shi, su tsayar da shi a kan wasali ɗaya, ya koma ya gyara. Wanda ya leƙa takarda a ɓoye ya cika allonsa, da an ce ya kife allon ya ja, asirinsa ya tonu a gaban kowa, shi ya sa ma ba mai ɓata lokacinsa. Gardi yana iya shekara yana tishe, a ido kamar ba ya gaba, amma ba ya cewa ya tsaya, domin yana da malamin da ke jin bambancin karatunsa na jiya da na yau, wanda zai ce masa matsalarka a wuri kaza take. Yaronmu mai kodin wannan ne ba shi da shi. Shi kaɗai ne a ɗaki da lamba, lamba kuwa tana gaya maka ka faɗi, ba ta gaya maka dalili.

Na san za a ce, to in na'ura ta iya, wahalar ta mece ce? Tambaya ce mai nauyi. A gasar jami'o'i ta duniya, ICPC, da aka yi a Baku a Satumbar 2025, OpenAI ta ce na'urarta ta warware duka tambayoyi 12, Google ta ce tata ta warware 10, alhali tawagar Jami'ar San Fitasbag da ta ɗauki kofin 11 ta samu. Watanni biyu kafin nan a Tokyo, sai da ɗan Folan Przemysław Dębiak ya kwashe awa goma kafin ya tsere wa na'urar OpenAI da ƙyar a wata gasar AtCoder. Ba na jin wannan tseren zai daɗe a hannun ɗan Adam. Amma na'urar Deep Blue ta doke zakaran ces Kasparov tun 1997, ba a kuma daina buga ces ba. Abin da ya biyo baya shi ne tsananta sa ido, kamar yadda rikicin zargin maguɗi tsakanin 'yan ces Magnus Carlsen da Hans Niemann ya nuna a 2022. A wurin aiki kuwa, na'urar tana rubuta manhaja mai kyan gani wadda wani lokaci take ɗauke da kuskure, kuma sai wanda ya san ramin 2,147,483,647 ne zai hango shi kafin a ɗora lissafin albashin ma'aikata ko na magungunan asibiti a kai. Wanda bai iya ba, duk abin da ta ba shi sai ya ce amin. Bayan an tashi daga gasa, ban ga aibi ba yaro ya zauna da na'urar ya yi ta yi mata tambaya har ya gane inda ya kauce. Ga wanda ba shi da malami a kusa wannan alheri ne babba. Cikin awa biyun nan ne kawai ya kamata ta yi shiru.

Saboda haka nake ganin lokaci ya yi da za mu dawo da gasar cikin ɗaki, inda ido ke ganin ido. Ba sabon abu ba ne: ICPC haka take, mutum uku, kwamfuta ɗaya, awa biyar, ba intanet, duk tambayar da tawaga ta warware a ɗaura mata balan-balan a teburinta. Masar ta karɓi gasar duniya ta 'yan sakandare a 2008 da 2024, ta kuma karɓi ta jami'o'i a Luksor a 2024, ba don sun fi mu kai ba, sun dai ɗauki abin da gaske ne tun daga makarantu. A Habasha, Farfesa Jelani Nelson ya fara shirin AddisCoder tun 2011, yana tara 'yan sakandare lokacin hutu ana koya musu dabarun warware matsala. Mu kuma shirye-shiryenmu, har da 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023 da burin horar da mutum miliyan uku, sun fi ba da ƙarfi ga yawan waɗanda suka shiga da satifiket ɗin da aka raba. Satifiket kuwa mun ga iyakarsa.

Kayan aikin suna kusa. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote tana nan Wudil a kan hanyar Gaya, tun 2001 ake karatu a cikinta. Ga Kwalejin Kimiyya ta Maitama Sule a cikin Gaya, ga Jami'ar Tarayya ta Dutse ta gabas, ga Bayero ta yamma. Ɗakunan kwamfutar da ake rubuta JAMB a cikinsu mafi yawan shekara a kulle suke, ƙura tana cin madannai. Dokar Jihar Kano ta Yulin 2024 ta haɗa Gaya da Ajingi da Albasu a ƙarƙashin Masarautar Gaya. Masarautar da ke halartar musabaƙa da gasar ƙwallo ba za ta rasa kofi ɗaya na wannan ba. Asabar ɗaya a wata ta isa a fara: a tara wayoyi a kwali a bakin ƙofa, a cire intanet, a ɗauko tambayoyi biyar daga tsofaffin zagaye, ɗaliban Wudil na aji uku da huɗu su zama masu sa ido. Sharaɗin da ba zan yarda a sassauta ba shi ne na bayan gasa. Duk wanda ya warware tambaya ya tashi gaban allo ya yi bayaninta, da Hausa in ya ga dama, 'yan'uwansa su yi masa tambayoyi har su gamsu. Wanda bai warware ba ya faɗi inda ya maƙale, wani ya nuna masa, ya dawo da ita a rubuce wata mai zuwa. Kuɗin da za a kashe bai wuce na man janareta da ruwan leda da alli ba. A ware wa 'yan mata kujerunsu tun farko, a kuma tashi da wuri, don na Ajingi da na Albasu su samu motar komawa gida kafin Magariba.